Kallon Jirgi Daga Aji: Nawa Zai Ci, Me Zai Bari?

Duk wanda ya taɓa kwana biyu a Zariya ya san ƙarar ƙananan jiragen nan da ke shawagi a kan Palladan da Hanwa, su yi kewaye su sauka, su sake tashi. Ɗalibai ne na kwalejin koyon aikin jiragen sama, wadda mutanen gari ke kira Abiyeshan. An kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, kuma tun daga lokacin take yaye matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hanya daga hasumiya. Yaron da ya rako rake daga Makarfi, ko tumatir daga Ikara, ko inabi daga Kudan, yakan ɗaga kai ya bi jirgin da ido har ya ɓace. Tsakaninsa da ƙofar kwalejin babu nisa, amma da wuya ka ji an ce ɗan unguwarsu ya shiga.

Wannan giɓi ne ya sa wata shawara ke samun kunnuwa a wurin matasanmu masu kishi. Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, ICAO da hukumomin jiragen sama na Turai suka buɗe ƙofar koyar da darussan aji ta bidiyo. Daga nan tunani ya ƙara gaba: me zai hana a kafa kyamara a cikin na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, a haɗa ta da aji ta intanet, ɗalibai suna zaune suna kallon matuƙa suna aiki kai tsaye, suna jin muryarsu, suna tambaya? Na zauna a majalisar da aka yi wannan magana da zumuɗi, har wani ke cewa da majigi ɗaya a Ikara, ɗaya a Makarfi, ɗaya a Hunkuyi, an kawo Abiyeshan gida. Ina son abin da suke so. Amma manomi ba ya shiga damina sai ya lissafa iri da taki da ladan 'yan ƙwadago, don haka mu ma mu yi lissafi.

Abin da ake son a haska

Simuleta, kamar yadda ma'aikata ke kiranta, akwati ce mai girman ƙaramin ɗaki, tana tsaye a kan ƙafafu shida masu miƙewa da janyewa. A cikinta an kwafe ɗakin matuƙin jirgi ba a bar ko maɓalli ɗaya ba. Tagoginta allo ne mai nuna titin jirgi da gajimare da fitilun gari. Idan matuƙi ya tura maƙurar inji, akwatin takan karkata baya, sai ya ji bayansa ya manne da kujera kamar jirgi ya zabura da gaske. Malami yana zaune a bayan matuƙan biyu da nasa allon. Da yatsa ɗaya zai kashe musu inji guda, ko ya tayar da gobara, ko ya saukar da hazo irin na watan Janairu har titi ya ɓace. Asalinta daga wani Ba'amurke ne, Edwin Link, wanda ya ƙera ta farko a 1929.

Amfaninta ba abin jayayya ba ne. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgi ƙirar Boeing 737 ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Bincike ya nuna jirgin ya shiga wata muguwar iska mai juya alkibla farat ɗaya. Irin wannan iska ba a koyon fita daga cikinta a sararin sama, sai a simuleta, inda matuƙi zai faɗi sau goma ya tashi ya sake. Shi ya sa doka ta wajabta wa matuƙan jiragen fasinja komawa cikinta duk wata shida. Kwalejin Zariya tana da irin wannan babbar na'ura ta Boeing 737, ƙirar kamfanin CAE na Kanada, wadda kuɗinta ya haura dala miliyan 20, aka kuma ɗauki shekaru kafin ta zauna a mazauninta, a zamanin da Hadi Sirika ke riƙe da ma'aikatar sufurin jiragen sama.

Kuɗi na farko: sa'ar na'ura

Masu shawara sukan ce ai na'urar tana nan, kyamara kawai za a ƙara. Na'urar kuwa sa'a-sa'a ake sayar da lokacinta. Dala miliyan 20, in an canza a kan naira 1,500, naira biliyan 30 ke nan, kuma kayan gyaranta da manhajarta duk da dala ake sayensu. A watan Mayun 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Kowace shekara sai hukuma ta sake duba na'urar kafin a ci gaba da lissafa aikin da aka yi a cikinta. Hanyar da za ta mayar da kuɗinta ita ce kamfanonin jirage su kawo matuƙansu su biya, maimakon su kai su Turai ko Dubai. Zama ɗaya yakan ɗauki kimanin awa huɗu. In an keɓe zama don aji mai kallo, an hana wani matuƙi wannan lokacin. In kuma an haska zaman da kamfani ya biya, sai an nemi yardarsa, kuma darasin zai bi bukatar matuƙansa, waɗanda suka yi wa ɗan sakandare nisa ƙwarai.

Kuɗi na biyu: wuta

Haɗin kai tsaye yana bukatar wuta a wuri biyu a lokaci guda. Ɓangaren Zariya dole na'urar ta samu wuta mai ƙarfi marar yankewa da sanyi dare da rana, domin kwamfutocinta ba sa jure zafi da ƙura. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu layin da ya fi samun wuta zuwa naira 225 kowane ma'auni, fiye da ninki uku na da. Ɓangaren ƙauye kuwa, kowa ya san yadda Nepa take a garuruwanmu. A watan Oktoban 2024 galibin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin da ke kawo wuta Arewa kuma ya samu matsala. Don haka kowane aji sai da sola da batura da inbata, ko janareta da man da aka janye wa tallafi tun ranar 29 ga Mayu 2023. Batir yana da wa'adi, bayan 'yan shekaru sai an sake. Ranar buɗe aiki ana samun mai sayen kaya. Ranar sake batir ce ake neman mai biya a rasa. Mun ga ɗakunan kwamfuta a makarantu da yawa da aka buɗe da biki, yau gizo-gizo ya yi saƙa a kan allunansu.

Kuɗi na uku: data

Bidiyon ɗakin matuƙi ya bambanta da gaisuwar da mutum ke yi wa ɗan'uwansa a Saudiyya. Abin kallo a ciki ƙananan lambobi ne: gudun jirgi, nisansa daga ƙasa, alkiblarsa, zafin inji. In hoto ya dushe kaɗan, darasi ya tafi. Hoto mai kyau yakan ci gigabait ɗaya ko fiye a kowace awa. A ce zama uku a mako, kowanne awa huɗu, a wata an tasam ma gigabait 50 ga aji ɗaya. In kuma aka ce kowane ɗalibi ya kalla a wayarsa, an kwashe nauyin daga kan makaranta an aza wa uban yaro. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Na taɓa tsayawa da yamma a bakin wata makaranta a yankin Kudan, na ga wani saurayi ya hau kan tarin bulo, ya ɗaga waya sama da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya kare allon daga rana. Fom yake son cikewa. Shafin ya buɗe rabi ya tsaya, ya sauko ya koma gindin mangwaro, ya sake hawa bulon. Sai da aka kira sallar magariba bai gama ba. Wannan sabis ɗin ne za a ɗora wa awa huɗu na hoto marar yankewa.

Akwai kuma yankewar da ba ta hannun kowa a gari. A ƙarshen Satumban 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda tsaro, aka yi kusan wata biyu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya. Intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, yana kuma aiki a ƙauye, sai dai kayansa da kuɗin watansa wani sabon layi ne a takardar lissafi.

Kuɗi na huɗu: jinkiri

Hukumomi ba sa amincewa da babbar simuleta sai in abin da matuƙi ya taɓa ya bayyana a gabansa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Dalili shi ne jirgi irin Boeing 737 yana cin kimanin mita 70 a kowace daƙiƙa sa'ad da yake gangarowa zai sauka. Jinkirin daƙiƙa ɗaya da rabi, wanda duk mai kiran bidiyo a garuruwanmu ya saba da shi, tsawon filin ƙwallo ne guda. Hoto ya daskare na daƙiƙa biyar a daidai lokacin da inji ya mutu, ya dawo an riga an gyara, ɗalibi ya ga farko ya ga ƙarshe, tsakiyar da aka tara shi dominta ta wuce shi. Wannan kuma yana rufe maganar masu cewa wata rana ɗalibi zai riƙe sitiyari a Ikara ya juya na'urar da ke Zariya. Hannun da ya koyi tuƙi a kan jinkiri ya koyi kuskure, kuma cire kuskure daga hannu ya fi sa daidai wuya.

Kuɗi na biyar: malami na biyu

Malamin simuleta idonsa na kan matuƙa, hannunsa na kan allonsa, yana kuma yin muryar ma'aikacin hasumiya. Ba shi da sarari ya amsa wa aji. Su kuma matuƙan suna magana da Turancin aiki mai cike da taƙaitattun kalmomi da lambobi, wanda ko mai digiri ba zai bi ba sai an koya masa. Ke nan kowane aji sai da mutumin da ya san jirgi, ya tsaya gaban allo yana fassara abin da ke faruwa. Irin wannan mutum tsada gare shi, kamfanonin jirage na gida da na waje suna zawarcinsa. Makarantun da ke fama da neman malamin fizis ɗaya, da me za su riƙe shi? In babu shi, abin da ya rage fim ne marar fassara.

Kuɗi na shida: sirrin mai kuskure

Wannan ba a biyansa da naira. An ƙera simuleta ne don mutum ya yi kuskure ba tare da an mutu ba, kuma ba tare da an tozarta shi ba. Al'adar da aka daɗe da ita a horon ma'aikatan jirgi ita ce in an ɗauki bidiyon zama, a kalla tare da malami, a tattauna, sannan a goge. Yanzu a ce matuƙi ya san yara arba'in na kallonsa, kowanne da waya a aljihu. Mu mun san nauyin kunya. Zai guji tambaya, zai ɓoye shakkarsa, zai yi aiki don masu kallo. In kuwa hoton faɗuwarsa ya fita, kafin la'asar ya zaga WhatsApp da TikTok, an ce ga mai tuƙa alhazai. An ɓata horon wanda gobe zai ɗauki rayuka fiye da 150, don a ƙawata darasin wanda bai riga ya shiga makarantar ba.

Abin da kuɗin ba zai saya ba

A ce an biya duk waɗannan. Me yaro zai riƙe a hannu? Ƙa'idar ICAO ta ce lasisin farko yana bukatar awa 40 na tuƙi, lasisin aikin kuɗi awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, na kyaftin ɗin jirgin fasinja kuma awa 1,500. Ana rubuta kowace awa a littafin matuƙi, malami ya sa hannu. Wani kaso na lokacin simuleta yana shiga lissafi, ga wanda ya zauna a kujerar ya riƙe sitiyari. Awa dubu ta kallo daga aji ba ta da gurbi a littafin ko layi ɗaya. Bahaushe ya ce gani ba ci ba ne.

Mutanen Makarfi sun san wannan a wurin dafa mazarƙwaila. Yaro zai iya shekara yana kallon yadda ake matse rake, ana zuba ruwan a kasko, ana kwashe kumfa. Amma sanin lokacin da za a sauke, kafin ta ƙone kuma bayan ta yi kauri, yana cikin hannun da ke juya muciya da hancin da ya saba da ƙamshin. Tuƙin jirgi ma haka yake. Nauyin sitiyari idan gudu ya ragu, da ƙarfin da ƙafa za ta danna idan inji ɗaya ya mutu, da yadda kunne ke yaudarar mutum a cikin gajimare har ya rantse jirgi a miƙe yake alhali ya karkata, duk jiki ne ke koyonsu. Kyamara tana ɗauko rabon ido da na kunne, ta bar na jiki a Zariya.

Abin da ya fi damuna shi ne iyaye. Da zarar an kafa allo an rubuta sunan jirgi a ƙofa, za a samu masu buɗe irinsa don kuɗi, su buga takardar shaida mai hoton fukafukai. Uba zai sayar da buhunan masara ko ya jinginar da fadama, yana ganin ɗansa ya kama hanyar zama matuƙi. Sai ranar da yaron ya kai takardar inda ake ɗaukar aiki zai ji ba a san ta ba. Hatta waɗanda suka gama Zariya da lasisi na gaske, da yawansu suna zaune a gida saboda ba su da kuɗin ƙarin horo a kan nau'in jirgin da kamfani ke bukata.

Inda dabarar ke da amfani

Adalci ne a faɗi inda take aiki. A cikin kwalejin kanta, in an ja waya daga na'ura zuwa ajin da ke kusa, ɗaliban da gobe za su shiga su ga abin da ke jiransu, tare da malaminsu da yardar waɗanda ke ciki, wannan riba ce mai arha. Haɗa ɗaliban hasumiya da ɗaliban tuƙi su yi atisayen magana da juna ma haka. Ma'aikacin filin jirgin Kano ko Katsina ko Sakkwato da ke bukatar sabunta darasin doka ko na yanayi zai iya yi ta bidiyo ya huta da kuɗin masauki. Injiniyan kamfanin da ya ƙera na'urar zai iya duba matsala daga Kanada ya nuna wa na gida inda zai taɓa. A duk waɗannan, masu kallo sun riga sun san aikin, kuma wuta da waya suna hannun hukuma ɗaya.

Ga yaranmu kuwa, duk abin da kallon kai tsaye zai ba su, bidiyon da aka ɗauka aka tace zai ba su fiye da haka. A shirya shi sau ɗaya da matuƙan da suka yarda, a sa masa bayani da Hausa, a zuba a memori. Malami zai tsayar, ya mayar baya, ya maimaita sau biyar, ko da sabis ko babu. Kwamfuta ɗaya da sitiyarin wasa da manhajar FlightGear, wadda kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba, za su sa hannun yaro a kan wani abu, ya ja ya ga hancin jirgi ya ɗaga, ya fahimci abin da littafi ke nufi.

A ina shingen yake?

An ƙirƙiro koyarwa ta bidiyo ne don maganin nisa. Mu kuwa nisa ba shi ne ciwonmu ba. Daga Hunkuyi zuwa Zariya tafiya ce ta ƙasa da awa guda, Makarfi na nan kusa ta Tashar Yari, Ikara ma mutum zai je ya dawo a yini ɗaya. Shingen farko sakamakon jarrabawa ne: kiredit biyar, har da Turanci da lissafi da fizis. Na biyu gwajin lafiya mai tsauri, na ido da kunne da zuciya. Na uku, wanda ya fi kowanne tsayi, kuɗin makaranta ne, domin kwas ɗin tuƙi ya daɗe da haura naira miliyan 10. Majigi ba ya rage ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Kuɗin sola da data na aji ɗaya zai ɗauki hayar motocin da za su kai zaƙaƙuran ɗaliban kimiyya Zariya kowane zango, in an nemi izinin kwalejin, su taɓa fiffiken jirgi, su hau hasumiya, su ji daga bakin malamai abin da ake bukata. 'Yan mata su ji cewa mace, Kyaftin Chinyere Kalu, ta taɓa shugabantar wannan kwaleji. Su kuma san cewa aikin jirgi ya wuce tuƙi: akwai gyaran inji, da gyaran na'urorin sadarwa, da ba da hanya, da kashe gobara, kuma kwasa-kwasansu ba su kai na tuƙi tsada ba.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, da wakilanmu a majalisa, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, da attajiran da Allah ya buɗa wa, shi ne duk ranar da aka kawo muku takardar wannan aiki, ku yi tambaya uku kafin ku sa hannu. Wa zai biya wuta da data a shekara ta uku? Wa zai tsaya gaban allo ya yi bayani? Wace takarda yaro zai fita da ita, kuma hukumar jiragen sama ta ƙasa ta san da ita? In amsa ba ta fito fili ba, ku juya kuɗin zuwa malamin fizis, da ɗakin gwaji mai kayan aiki, da asusun da zai ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu daga kowace ƙaramar hukuma har su gama. Matuƙi ɗaya ɗan Paki ko Likoro da ya zauna a kujerar da kansa ya fi mana amfani a kan yara dubu da suka kalle ta a bango. Allah ya ba shugabanninmu ikon zaɓar abin da zai ɗore.